Hannun Yaya Hashim a Dandalin Balad

Yayana Hashim mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Mahjar, da haka duk unguwa ta san shi. Nan Jidda aka haife mu, jikokin wani alhaji da ya taso daga Katsina a ƙafa bai koma ba. Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne shekara talatin da shida ya yi yana kiɗan ganga a ƙungiyarsu ta mutum uku, shi da Garba mai jita da Othman mai waƙa.

Kiɗan nasu ba na biki ba ne. Wani kaset Garba ya samo wajen ma'aikacin jirgin ruwa, kiɗan Turawa mai kaushi, jita na kuka kamar ana yanka ƙarfe. Suka ɗauka suka zuba masa Hausa da Larabci, waƙoƙin jiran takardar izinin zama da na ubangidan da bai san sunanka ba. Ni dai ban taɓa cewa da daɗi ba, amma in Othman ya buɗe baki sai in bar abin da nake yi in saurara.

A wancan zamanin ba a irin wannan kiɗa a fili. A ɗakin ajiya na bayan shagon Yaya suke yi, sun manne bango da tsofaffin katifu, mutum goma sha biyar a zaune a ƙasa kowa na tsiyayar gumi. Jita ana rage mata murya, mawaƙi yana sassautawa, ganga ce matsala. Sai Yaya ya koya wa hannunsa ladabi, sandar ba ta tashi sama da tsawon yatsa. Har alfahari yake yi, wai maƙwabcinsa ya yi shekara goma bai san da ganga a gidan ba.

Duk da haka buri ɗaya ke cin sa. Ya sha ce min, “Hikima, sau ɗaya dai, a fili, mutane su ji hannuna.”

Zamani ya juya, aka fara kiɗa a sarari. Bara wani mai shirya wasa mai suna Turki ya gayyace su wani dandali a Balad, tsohon garin Jidda, su yi bayan la'asar. Yaya yana da shekara sittin da ɗaya. Har gemu ya je ya gyara, mutumin da sai an yi faɗa yake zuwa wajen aski.

Da azahar na raka su gwajin murya. Turki ya saurara, ya kira Yaya baffa da Larabci, ya ce, “Ya ammi, ƙara ƙarfi. Yalla, buga!”

Yaya ya buga. Sandar ta tashi tsawon yatsa ta sauko. Aka ƙara wa makirufo murya, sai ya riƙa kuwwa har mutane na toshe kunne. Yaya ya ɗaga hannu sama da gangan, kiɗan ya watse, Garba ya rasa inda zai bi. Sau biyar suna gwadawa.

“Halas, shi ke nan, ba komai,” in ji Turki. “Za mu sa kiɗan ganga na na'ura a ƙasa ya tallafa maka. Kai dai ka buga naka.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma Yaya ya ce to.

Dandali ya cika. Ina layin gaba, na ga ganga tana girgiza matasa, suna tsalle suna ihu, hannun Yaya na sama da ƙasa. Na yi kuka don murna, ban ji kunyar kowa ba. Da aka gama mutane suka yi ta rungumarsa suna cewa mashallah, ina ya ɓoye wannan hannu. Ya yi wa kowa godiya.

Muka kama hanyar gida a mota har muka wuce unguwar Bagdadiyya. Sannan ya ce, “Kin ji ni?”

“Na ji ka sosai, Yaya.”

Ya gyaɗa kai, idonsa na kan titi. “Tun waƙa ta uku na daina taɓa fatar. Iska kawai nake duka, in ga ko wani zai gane. Ko Garba bai waigo ba.”

Ni ma ban gane ba.