Gwiwar da Ba Ta Rusuna Ba

A makarantarmu ta sakandare a Bodinga ba a san ni da wasa ba. Idan an fita ƙwallo, ni ina gindin darbejiya da littafi. Malamin wasanni ne ya gaji da ganina a zaune, ya ce tunda ba na gudu, to in zo in koyi tseren tafiya. Ya ce wasan masu kiyaye ƙa'ida ne, kuma ya lura ko layi zan ja sai na ɗauko rula.

Ƙa'idojin biyu ne. Kada ƙafafu su bar ƙasa a lokaci guda: kafin ta baya ta tashi, dunduniyar ta gaba ta sauka. Sannan ƙafar gaba ta sauka a miƙe, gwiwa ba ta lanƙwasa sai ƙafar ta wuce ƙarƙashin jiki. Saurin daga ƙugu yake fitowa, hannuwa a lanƙwashe suna taya shi. Alƙalai na tsaye a bakin hanya suna kallon ƙafa, kuma wanda aka kama sau uku an fitar da shi.

Juya ƙugun ya fi komai ba ni kunya. 'Yan ajinmu suka riƙa tambayata, ni namiji, ko gidan miji za a kai ni. Na koma yin atisaye bayan sallar asuba a bayan azuzuwa, har ƙwaurina ya daina zafi.

Ranar gwaji aka fitar da mu kan titi. Ina gaba, sai ga limamin makaranta a gefen hanya. Ban san lokacin da na rusuna na gaishe shi ba. Haka na yi wa wasu dattawa biyu a gaba, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Malamin wasanni ya ce da gasa ce an riga an kore ni. Zai ba ni dama guda a gasar makarantu da za a yi a Shagari, idan na sake sai ya sa wani a gurbina.

Shagari kuwa garinmu ne, kuma hanyar tseren ta bi ta gaban rumfar da kakana yake zama da abokansa masu albasa. Ban taɓa wuce shi a tsaye ba.

Ana gobe gasa na je gida na durƙusa a gabansa, na daɗe ina kame-kame kafin na ce, "Baba Tsoho, gobe zan wuce ta gaban rumfarku, kuma ba zan rusuna ba."

Ya sa na nuna masa tafiyar a tsakar gida. Ya yi dariya har da tari, ya ce agwagwar kakata ta fi ni iyawa.

"Wagga tahiya ce za ta hana ka gaisuwa?"

Na ce ita ce. Ya ce in tafi, zai duba.

Washegari kafin in kai rumfar, alƙalai biyu sun riga sun kama ni, don ɗoki ya sa ina ɗaga ƙafa. Saura ɗaya. Na hango fararen rigunan dattawa, na ji gwiwata tana neman saukowa da kanta. Na kafa dunduniya, na miƙe ƙafa, na ci gaba.

Da na zo daidai rumfar, duk sun juya wa titi baya. Kakana ya zazzage buhun albasa a tabarma, ya sa su suna ta tsinta suna gardama, babu wanda ya ɗago. Na wuce a miƙe.

Ban zo na ɗaya ba, amma na kai ƙarshe ba a fitar da ni ba, malamin kuma ya bar mini gurbina. Ko ruwa ban sha ba na koma rumfar, na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kakana ya dube ni ya ce ashe gwiwar ta warke, sannan ya miƙo mini buhun ya ce in mayar da albasar da na sa ya zubar.