Gorar da Ba Ta da Suna

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko fushi na yi: e, na yi, amma ba da ku ba. A kwance nake.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malamar firamare ce a Bukkuyum. Tun rasuwar maigidana, gonar wakenmu ta wajen Zugu ce ke cike gurbin da albashi ya bari. 'Ya'ya huɗu gare ni, ga Inna, mahaifiyata.

Bana darɓa ta sauka a waken. Ƙananan ƙwari baƙaƙe sun lulluɓe bayan ganye suna tsotse ruwansa, ganye ya nannaɗe yana danƙo, fure na zuba. Masu feshin haya suka ce ba za su shiga dajin ba, kun san dalili. Na aro famfon feshi na ce ni zan yi.

Ranar kasuwa wani mai tebur ya tsiyayo mini magani a gorar lemo. Na ce, "Mi as sunanshi?"

Ya yi dariya. "Hajiya, suna kika biɗa ko mutuwar ƙwari? Murhi ukku ga famfo guda, ki gode min."

Ni da nake karanta har takardar da aka ƙunso mini ƙosai, na karɓi guba babu harafinta ko ɗaya.

Gonar ba wurin daɗewa ba ce yanzu. Ka shiga da hantsi, ka fita kafin azahar, kunnenka na sauraren ƙarar babura. Sauri nake. Iska na maido mini feshin a fuska, famfon na yoyo a gadon bayana. Sai bakinsa ya toshe. Na kwance shi na sa a bakina na hura, yadda na ga kowa na yi. Na ji ɗaci, na tofar, na ci gaba.

A kan kabu-kabu yawu ya fara zubo mini kamar jaririya. Kafin mu iso gida, zufa, amai, zawo, naman cinyata na rawa shi kaɗai. Ƙirjina na kurkur.

Inna ta fasa ihu. "Ku ba ta nono! Ku kawo manja, shi ka kashe dahi!"

Suka ɗura mini, da rigar feshin a jikina. Na sarƙe. Da ƙyar ƙanena Sani ya samo motar da ta kai ni asibiti a Gummi.

Likitan ya haska idona, ya sa aka tuɓe kayan aka wanke ni da sabulu. Ya ce, "Wane magani ne? Ina kwalbar?"

Sani ya miƙa masa gorar. Ya jujjuya ta.

"Malam, wannan sunan lemo ne. Magungunan ƙwari iri-iri ne, ba hanya ɗaya ake bi da su ba. Zan bi abin da idonta da ƙirjinta suka nuna, amma ka je ka samo mini suna."

Washegari Sani ya koma Bukkuyum ya tarar da mai teburin a gida. Da ya dawo ya tsuguna gefen gadona, ya kasa kallona.

"Yaya, ya ce shi ma bai sani ba. Jarka aka kawo mai, ya gauraya da wani don shi ƙara ƙarhi."

Da ina da numfashi da na yi zagi. Ba ni da shi.

Allura a kan allura, atirofin suke ce mata, har harshena ya bushe kamar ɓawo, ina ganin ƙwarin wake na tafiya a silin. Robar iska a hanci. A ɗebi jini da safe, a auna bugun zuciya kowace awa. Rana ta uku na kasa ɗaga kaina daga filo. Hoton ƙirji ya nuna manjan nan ya shiga huhuna ya haifar da wani ciwon. Inna ta ji, ta fita baranda, ba ta dawo ba sai la'asar, idonta ja.

Allah Ya yafe mini, ba Lahira nake tunani ba. Autata Hauwa nake tunani, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa kanta sai ni. Wa zai yi mata kitso?

Kwana goma sha shida na yi a asibiti. Akuyoyina biyu sun tafi a kuɗin magani, 'yan kunnen Inna sun bi su. Har yau in na riƙe alli hannuna na karkarwa.

Alhamdu lillahi, ina numfashi da kaina. Na gode wa likitan da ya yi aiki da idonsa tunda an hana shi suna, da ma'aikaciyar jinyar da ke jiƙa mini leɓe da auduga. Sani, Allah Ya biya ka. Inna, ba laifinki ba ne, haka aka koya miki.

Ku kuwa, don Allah, kada ku sayi maganin feshi sai cikin kwalbarsa ta asali, da suna da bayanin awo. Bakin famfo ya toshe, ku tsokale shi da tsinke a cikin ruwa. Ku rufe hanci da baki, ku ba iska baya. Wanda maganin ya taɓa, ku tuɓe shi ku wanke da sabulu ku nufi asibiti da kwalbar. Ba nono, ba manja.

Darɓar ta mutu, ban ƙi gaskiya ba. Wake ya yi buhu uku, suna jingine a ɗaki. Ban dafa wa 'ya'yana ba, ban kai wa 'ya'yan wasu kasuwa ba, domin ban san abin da na zuba masa ba.

Makon jiya na wuce ta gaban teburin nan. Gororin lemo a jere, wata mata na kwance bakin zanenta za ta biya.

Na riƙe hannunta na ce, "'Yar'uwa, tambayai sunanshi. Ni ina nan tsaye, ina jira mu ji tare."