Yaron da Yaya Hansatu ta kai bakin rafi

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayata Hansatu. Ta rasu a ƙarshen damina, shekarar da aka yanke mana jihar Katsina daga Kaduna, gari na ta murna mu kuwa muna zaman makoki a Funtuwa. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, saboda masu hannu a lamarin suna raye ana durƙusa musu. Yanzu duk sun bi ta, ni ma na tsufa, ba sauran wanda nake jin nauyinsa.

An kai ta aure wani ƙauye tsakanin Bakori da Danja wajen lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. Mijinta, Malam Garba, manomin auduga ne da ya ba hamsin baya, matarsa ta fari ta rasu. Ba ya duka, ba ya zagi, kuma da bakinta ta ce tana so. Cikin fari ya zube, na biyu ma haka. Na uku ya isa haihuwa, aka sami 'ya mace ba rai. Ta huɗu ta zo da ranta, ta koma kafin suna. Duk wannan a hannun ungozomar ƙauyen ya faru, Inna Tabawa, wadda ta haddace cikin kowace mace a garin amma ba ta taɓa jin labarin rufin asiri ba. A bakin rijiya take karanta wa mata tarihin Yaya, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Na biyar ne ya tsaya, namiji. Da yake 'ya'yan uwarsa ba sa zama, ranar haihuwa aka ajiye shi kan juji na ɗan lokaci, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Liman ya raɗa masa Isiyaku, gari ya kira shi Ajuji. Kyakkyawan yaro ne, ɓul-ɓul, ya yi tafiya da wuri. Sai dai ya kai shekara huɗu bai ce Inna ba. Ba ya kallon idon mutum. Ka kira shi ya yi kamar kurma, amma da an tada injin niƙa can bakin hanya sai ya toshe kunne yana ihu. Yakan jera ɓawon gyaɗa tun daga ƙofar ɗaki har gindin turmi, in kaza ta watsa masa, ranar ba mai shan iska a gidan. Abin da ya fi so a duniya shi ne ruwa. Sai ya wuni a gindin randa yana tsoma hannu yana kallon yadda yake ɗiga.

Yau irin wannan yaro yana da suna a asibiti. 'Yan rediyo suna cewa galahanga, likitoci suna cewa otizim. Na sha jin suna bayani cewa masu bincike kan duba abin da uwa ta sha kafin haihuwar yaron: ɓari, tazarar haihuwa, shekarunta, wahalar ciki. Suna kuma ja wa mutane kunne cewa alaƙa ce ake hangowa in an tara mata da yawa, ba hukunci ba ne a kan wata mace guda, mata nawa suka yi ɓari suka haifi masu surutu kamar aku. Har suna cewa akwai gado a ciki, shekarun uba ma suna cikin abin da ake dubawa. Duk sanda na ji wannan sai furfurar Malam Garba ta faɗo mini a rai. A ƙauyen nan ba wanda ya taɓa lanƙwasa yatsa ko ɗaya a kansa.

Ban san yadda Yaya za ta ɗauki likitocin yau ba. Ina jin da sun fara tambayarta ciki nawa, ɓari nawa, za ta ɗaure ɗanta a baya ta fice, don ta san inda waɗannan tambayoyi suke kai mutum. Inna Tabawa ma da su ta fara. Ta ce cikin da ya yi asarar huɗu kamar ɗaki ne da aka bari a buɗe, kuma kowa ya ga Hansatu tana tsallake rafi da magariba tana da juna biyu. Saboda haka wannan ba ɗan mutum ba ne, ɗan ruwa ne, aljani ya shiga ya zauna. Mata suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Masu ciki suna hango yaron sai su canja hanya.

Aka samo boka daga wani gari, ya ce abin mai sauƙi ne. Uwar za ta kai yaron bakin rafi da ƙwaryar fura da ƙwai, ta ajiye shi ta juya, kada ta waiwaya, kada ta kira shi. In ɗan mutum ne zai yi kuka ya bi uwarsa, don ba yaron da uwa za ta tafi ta bari bai bi ta ba. In na ruwa ne zai koma wurin danginsa.

Yaya ta zo Funtuwa da yaron ana saura 'yan kwanaki, ta saya masa sabuwar riga a kasuwa. Na ce, “Yaya, ki bar mini shi a nan, kada ki je.” Dariya ta yi mini. Ta ce, “Binta, in na ƙi zuwa, za su ce na san abin da na haifa. Yaron da ba ya barci sai ya kama bakin zanena? Wanda ba ya cin tuwo sai daga hannuna? Zai biyo ni, kowa ya gani, a shafa mana lafiya.” Ba wanda ya ja ta. Da ƙarfin gwiwarta ta tafi, kuma wannan ne yake ci mini rai har yau.

Da hantsi aka yi, rafi ya cika ya batse. Maza suka laɓe a cikin gonar rake. Daga baya ta gaya mini cewa da ta ajiye shi, sai ta sassauta zanenta ta bar bakinsa yana jan ƙasa, don ya sami abin kamawa in ya iso. Ta yi ta tafiya a hankali tana kasa kunne, ba ta jin komai sai ƙarar ruwa. Da ta kasa daurewa ta waiwaya, sai ta hango shi ruwa ya kai masa gwiwa, yana kaɗa hannuwa yana dariya. Bai taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Ta zabura za ta koma aka riƙe ta, kuma cikin waɗanda suka riƙe ta har da uban yaron.

Masu noman rake ne suka tsinci gawar can ƙasa, da sabuwar rigar a jikinta. Na ɗauka wannan zai sa wani ya sunkuyar da kai. Inna Tabawa ta leƙa ta ce ai maciji ma in ya yi saɓa yakan bar fatar a baya. Liman ya yi faɗa sosai ranar Juma'a, ya ce shirka ce da kisan kai, aka saurara aka watse. Mai unguwa ya ce yaro ne ya faɗa rafi, maganar ta mutu a nan.

Yaya ta dawo wurinmu Funtuwa. Mutane sun so a ce ta haukace, da sun fi samun sauƙin labarin, amma da hankalinta garau ta ƙarasa shekarunta tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ba ta sake aure ba, ba ta zagi kowa ba. Lokaci-lokaci dai, muna tsakar aiki, sai ta ce, “Binta, yana sona kuwa?” Likitocin yau sun ce irin waɗannan yara suna son iyayensu kamar kowane yaro, nunawar ce ba ta zo daidai da yadda muka saba ba. Da na so ta ji wannan. Sai dai in ta ji, za ta kuma gane cewa an gwada ɗanta ne da abin da ba zai taɓa iyawa ba, aka kuma ajiye shi gaban abin da ba zai iya ƙi ba.

In aka tambaye ni me ya rage nata, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, kabarin yaron ma masara ake nomawa a wurin. Bara ina cikin motar Bakori, wata yarinya mai goyo daga ƙauyen tana ba wadda ke kusa da ita labarin ɗan ruwan da aka taɓa yi a garinsu. Ta rantse kakarta ta ga sanda ya rikiɗe ya zama maciji. Na ce mata, “'Yata, ke kin yarda da wannan?” Ta dube ni da ladabi, ta gyara goyonta ta ce, “Hajiya, ai ba ƙarya ba ne. Har uwar ta san ba mutum ba ne, ita ta kai shi da hannunta.”