Bayan da Baba Ya Gani a Talabijin

Shekarun baya, lokacin da nake budurwa a Malumfashi, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya. A kaina na riga na gama zana mijina: dogo, mai murmushi, mai mota baƙa, yana magana kamar ana zuba zuma. Sai Allah Ya haɗa ni da gajere, marar surutu, ɗan wasan ƙwallon gora, wato hoki. A makarantar kwana ya koya, daga nan wata ƙungiya a Kaduna ta ɗauke shi. Kuma na kamu, kamu na gaske.

A gidanmu, duk mai neman aure sai ya tara abokansa sun yi wa mahaifina gayya a gona kafin a ba shi izinin turo magabata. An sa ranar noman maimai, mahaifiyata har ta jiƙa gero. Ana cikin haka aka kira saurayina ƙungiyar ƙasa, za su gasar ƙasashen Afirka. Ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya tafi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Uwata, wanda ya bar fartanya ya tafi wasa da sanda, rago ne. Ba zan ba rago 'yata ba."

Na yi kuka irin na taurarin littafi, har da leƙa madubi in ga ko ya yi mini kyau. Daga baya na lallaɓa yayana, mai shagon gyaran waya, ya samo wasansu a intanet ya haɗa da talabijin a zauren gidanmu. Shirina mai sauƙi ne: saurayina zai ci ƙwallo, ya dubi kyamara, ya dafa ƙirji, zuciyar Baba ta narke. Ban ma san cewa shi mai tsaron baya ne ba.

Bayan la'asar Baba ya shigo da amininsa, wani tsohon Bamaguje da kowa ke kira Sarkin Noma. Ni kuwa na laɓe a bakin ƙofa da tiren ruwa.

Aka fara. Ƙwallon ƙarama, tana gudu kamar an harbo ta, sanduna na ƙara kas-kas.

Sarkin Noma ya ce, "Malam, waɗannan ƙota suka riƙe ba ƙarfe? Wa ya sace musu bakin fartanya?"

Baba ya ce, "Ai ka ga aikin banzan da nake faɗa maka."

Yayana ya nuna allo. "Baba, ga shi can, na kusa da raga."

Ko fuskarsa ba a nuna ba. Duk lokacin da kyamara ta bi ta kansa, bayansa kawai ake gani, a duƙe, yana gudu. Na ce shi ke nan, aurena ya mutu.

Can sai na sake leƙawa. Tsofaffin nan biyu sun matso gaban tabarma. Sarkin Noma ya ce, "Tsaya. Tun da aka fara, yaron nan ya miƙe kuwa?"

"Bai miƙe ba," in ji Baba a hankali.

"Ni ko gayyar bara, 'ya'yanka ba su kai ƙarshen layi ba suka fara dafa ƙugu."

Yayana ya yi kamar bai ji ba.

Sai alƙali ya busa, aka ba abokan karawa bugu daga gefen ragarmu. 'Yan bayanmu suka shige raga, suka sa abin kare fuska. Ana turo ƙwallo, mutum ɗaya ya fito da gudu, a sunkuye, ya nufi mai bugun kai tsaye. Shi ne! Ƙwallon ta daki sandarsa ta yi waje, shi kuma ya kife. Na saki tire, kofuna suka watse, na kurma ihu a gaban mahaifina ba kunya. Kafin in rufe baki ya tashi, yana ɗingishi, ya sake duƙawa.

Baba na tsaye, hularsa a hannu. Sarkin Noma na dukan cinya yana cewa, "Malam, in ba ka so, ni ina da jika! Wannan bayan shi kaɗai gayya ne!"

Baba ya ce, "Riƙe jikarka." Ya juyo ya gan ni cikin ruwa da kofuna. "Uwata, share wurin nan. In ya dawo ki gaya masa huɗa na jiransa. In ya gama, ya turo manyansa."

Kada ku tambaye ni yadda aka tashi wasan, ban gani ba, hawaye sun rufe mini ido. Ya dawo da kumburarriyar gwiwa, ya ɗauki garma, shi da abokansa suka huɗe gonar tas.

Har yau ina karanta littattafaina, kuma har yau ban ga marubucin da ya ɓata shafi a kan bayan saurayi ba. Ido ne, murmushi ne, mota ce. Maigidana ya daina wasa tuni. In sanyi ya shigo, bayan nan yakan yi masa ciwo, in ɗauko man zafi ina shafa masa. Yakan ce, "A hankali mana." Ni kuma in ce, "Yi shiru, ai shi na aura."