Ɓerayen Masar a Hawa na Uku

Hedi Eugster tana da shekara sittin da bakwai. Ta yi ritaya daga sashen wanki da guga na wani asibiti, tana zaune da mijinta Ruedi a bakin garin Herisau. A bayan gidansu akwai tsohuwar rumfar itace, a nan take kiwon ɓerayen masar. Ba sayar da su take yi ba, aro take bayarwa.

Dokar ƙasar ta hana a ajiye ɓeran masar shi kaɗai, domin dabba ce mai zaman garke. In ɗaya ya mutu sai ka sayo wa na biyun ƙarami, in na biyun ya mutu ƙaramin ya rage shi kaɗai, ka sake saye, abin ya ƙi ƙarewa. Wanda yake son daina kiwo sai ya zo wurin Hedi ya ari abokin zama, ranar da nasa ya mutu ya mayar da na aro. Ta fi shekara goma tana wannan aiki. Duk namijin da ya fita daga rumfarta fiɗiyayye ne, kuma kafin bara ba a taɓa samun ciki ta dalilinta ba.

A watan Oktoba Alois Manser ya kira ta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekararsa tamanin da uku, yana zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani bene da ba shi da lif. Matarsa ta rasu ta bar masa ɓeraye mata guda biyu. Ɗaya ta mutu a makon, ɗayar kuma, Trudi, ta shige akwatinta ta daina cin abinci. Sunan Alois yana layin masu jiran ɗaki a gidan tsofaffi da ke gangaren unguwar, saboda haka ba ya son sabon kiwo. So yake Trudi ta ƙare kwanakinta da abokin zama.

A lokacin duk dabbobin Hedi suna gidajen mutane ko an riga an haɗa su biyu-biyu, sai wani namiji mai suna Kobi da ba a daɗe da yi masa fiɗiya ba. Namiji yana iya yi wa mace ciki har bayan fiɗiya, shi ya sa ake raba shi da mata na mako shida. Hedi ta san wannan, ita ce ma take gaya wa masu zuwa aro. Kobi bai kai mako huɗu ba.

"Na tsaya a bakin rumfa na yi wa kaina lissafin da nake so," in ji ta. "Na ce Trudi ta tsufa, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma in na jira yunwa za ta kashe ta. Da na kai shi da keji na biyu, na sa waya a tsakani, da sun ji ƙamshin juna ta ci abinci. Kejin yana nan. Nauyinsa na tuna, da matakalar benen."

Ta kai Kobi a kwando. A ranar Trudi ta fito ta ci kokwamba.

A farkon Disamba Alois ya sake kira.

"Frau Eugster, me yaron nan naki yake ba ta? Trudi ta koma kamar burodi."

"Kwanciyar hankali ce, Herr Manser. Rage mata karas."

Ya rage. Hedi ta ce a cikin duka abin da ya faru wannan ne ba ta son tunawa, cewa ita ta sa aka rage wa tsohuwa mai ciki abinci, ta waya, ba tare da ta je ta duba ba.

Bayan Kirsimeti da kwanaki, da safe, ya kira ya ce ta zo da tabarau. Ta hau benen ta same shi zaune a kan kujera gaban keji. 'Ya'ya uku ne, da gashinsu, idanunsu a buɗe, har suna yawo cikin ciyawa. Trudi tana kwance a gefe tana numfashi da ƙyar. Haihuwar fari a irin shekarunta takan kashe uwa, amma ita ta sha.

"Kin ce mini an sallame shi daga aiki," in ji Alois.

"An yi masa fiɗiya."

"To shi bai samu labari ba."

Hedi ba ta yi dariya ba. Tana tsaye da rigar sanyinta ta gaya masa cewa ta san lokacin bai cika ba, ta kawo shi duk da haka. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya miƙa mata hannu.

"Ɗanki ya yi wa 'yata ciki, mun zama surukai. Ni ne babba, ni zan fara. Ki daina ce mini Herr Manser, Alois nake."

"Hedi," ta ce.

"To Hedi, zauna, kin tare musu haske."

Ta ce da ya yi mata faɗa da ta fi samun sauƙi.

A tsakiyar Janairu gidan tsofaffin ya aiko cewa an samu ɗaki. Sai ya tare kafin ƙarshen Fabrairu, in ba haka ba a ba na bayansa. Gidan ba ya karɓar dabbobi. Yarjejeniyarsu tun farko ita ce in ɗaki ya fito Hedi za ta kwashi Trudi da Kobi, amma yanzu su biyar ne, uwar ba ta da ƙarfi, kuma dabbar da ta saba da ɗumin ɗaki ba a fitar da ita rumfa da hunturu, sai an shiga Mayu. Cikin gidan Hedi ma ba dama, Ruedi yana da asma, ƙurar busasshiyar ciyawa tana kwantar da shi. Alois ya ce ba inda za shi sai kowannensu ya samu wuri da abokin zama.

'Yarsa Ursina ta zo daga Zurich a ƙarshen makon. Ta tare Hedi a matakala.

"Frau Eugster, shekara biyu muna jiran ɗakin nan. Bara a nan inda kike tsaye ya faɗi, maƙwabta ne suka ɗaga shi. Yanzu saboda ɓeraye zai ƙi tafiya."

"Laifina ne."

"Na sani. Ba shi nake tambaya ba. Tambaya nake me za ki yi."

Alois ya leƙo daga sama. "Ursina, ki yi a hankali da surukata."

"Baba, koma ciki, ba ka sa silifa ba."

Hedi ta fara da sikelin kicin. Biyu mata ne, ɗaya namiji, kuma namijin ba zai kai wata guda ba zai iya yi wa uwarsa da 'yan uwansa ciki. Kullum sai ta hau benen ta ɗora shi a kwanon awo, har ya kai nauyin da likitan dabbobi ya yarda ya yi masa fiɗiya tun bai balaga ba. Irin wannan ba ta buƙatar jira. Duk da haka sau uku ta sa likitan ya maimaita mata.

Masu son matan ba su yi wuya ba, amma Hedi ta mayar da gida biyu. Na farko guda ɗaya suke so, wa yarinyarsu, suka ce yarinyar za ta zame mata abokiya. Na biyu suna da zomo guda, suna son a haɗa. Ta ce a'a, zomo da ɓeran masar ba sa jin maganar juna, kowanne zai zauna ne shi kaɗai a gefen ɗan uwansa. Duk wanda ta mayar kuwa, mako guda ne ya tafi daga lokacin Alois. Ruedi ya ce mata ta sassauta.

"Sassauci ne ya kawo mu nan," ta ce masa.

A farkon Fabrairu wani malamin makaranta a Gossau ya ɗauki matan biyu tare, bayan Hedi ta je da awo ta gwada faɗin wurin da ya gina musu. Ƙaramin namijin ya tafi aro wurin wata mai raba wasiƙu da tata macen ta rasa abokin zama. Aka bar Trudi da Kobi. Hedi ta buga wa duk wanda ya taɓa aro a wurinta waya. Babu mai son tsohuwa marar lafiya, ko da na wata uku ne.

Ursina ce ta ambaci maganar haya, cikin ƙorafi. Ko Baba ya tare gobe, sai an ba mai gida sanarwar wata uku, gidan zai zauna babu kowa da na'urar ɗumama ɗaki a kunne har ƙarshen Mayu. Hedi ta tambaye ta ko za ta bar mata makulli. Dabbobin su zauna inda suke, ita za ta riƙa zuwa safe da yamma, in gari ya yi ɗumi ta mayar da su rumfa.

Su biyu suka kai wa Alois maganar. Ya kalli kejin.

"Za su zauna su kaɗai a gida babu kowa."

"Su biyu ne, Baba."

"Haka ne," ya ce. "Su doka ta san da zamansu."

Ya nemi wani dalilin, ya ce Hedi ba ta san yadda Trudi take son a yanka kokwamba ba. Ta ce ya nuna mata. Ya nuna mata, a tsaye, da wuƙar matarsa, sirara-sirara ba ɓawo. Daga nan bai sake kawo wani dalili ba. Ya tare a makon ƙarshe na Fabrairu, Ursina tana riƙe da hannunsa a matakala.

Hedi ta ce ta yi zaton ranar za ta ji an sauke mata kaya. "Ban ji ba. Na jawo masa matsala, na zo kuma na ƙwace masa matsalar. Da ita yake riƙe da gidansa."

Yanzu kejin ne kaɗai ya rage a falon, da kujera ɗaya. Hedi tana hawa da safe ta canza garin katako, ta zuba ciyawa, ta auna Trudi, sannan ta gangara gidan tsofaffin. Ɗakin Alois yana ƙasa, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Ya ce abincin ba laifi, sai dai miyar ba gishiri, kuma mutumin da suke teburi ɗaya ba ya ji. Tambayar farko kullum ɗaya ce.

"Ta ci?"

Hedi ba ta ƙara masa ko rage masa. Tun haihuwar Trudi ba ta mayar da jikinta ba, kuma a watan nan nauyinta raguwa yake yi. Likita ya ce shekaru ne da wahalar shayarwa, ba abin da za a yi sai a ci gaba da ba ta abin da take so. Ranar Litinin ta bar rabin kokwambar. Ranar Talata ba ta taɓa ta ba. Hedi ta gaya wa Alois haka.

"Ɗan naki fa?"

"Shi ya cinye nata."

"Gado ne," ya ce. Ya juya ya kalli taga.

A kan hanyarta ta fita ta tsaya wurin shugabar masu jinya ta tambaya ko baƙo zai iya shigowa da dabba. Aka ce mata na awa guda, a ɗakinsa, a rufe ƙofa. Jiya da rana ta shimfiɗa tawul a kwando, ta sa gorar ruwan zafi a ƙarƙashi, ta ɗauki Trudi, ta ɗauki Kobi ta ajiye a gefenta, ta lulluɓe su da bargo. Ta sauko daga benen a hankali ta kai masa su.