Bin Sawun Hular Isiyaka

Tashi daga Rabah

Mun bar Rabah ranar Lahadi ana idar da sallar asuba, tun ido bai iya raba farin jaki da baƙi ba. Ni da Bawa ne, mai jakuna, wanda ke kai shinkafa Wurno. Kayana sanda ne da goran ruwa da ƙullin ƙuli-ƙuli, sai wata hula da na cusa cikin aljihu. Don hular nan na yi tafiyar, saboda haka bari in faɗi labarinta tun jakunan ba su yi nisa ba.

Ƙanena Isiyaka kurma ne kuma bebe, haka aka haife shi. Shekara uku da suka wuce mahara suka faɗo wa gonakinmu. Aka yi kuwwa, kowa ya sheƙo gari, shi kuwa yana duƙe yana noma bai ji ba. Fartanyarsa kaɗai muka tarar. Tun daga ranar innarmu ta hana a yi masa sadaka, ta ce ita ba ta ga gawa ba.

Ni da shi maɗinka ne a rumfa ɗaya, ni da dama, shi bahago. Shi ya ƙago wata habar-kada da ba a taɓa gani ba: ƙoƙon kai jan alharini, kunnuwa shuɗi mai duhu, da ɗigon algashi, wato tsanwa, a bakin kowane kunne. Daga jan gwada ya ɗauko ta, wani ƙadangare da ke yini yana gyaɗa masa kai a kan katanga. Mutanen Rabah suka sha dariya, ba wanda ya taya, ni ma na yi tawa dariyar. Uku ya ɗinka, duk suna cikin adudun Inna. Kwatsam ran kasuwa sai na ga ta huɗu a kan wani mai kanwa, sabuwa fil, ko maiƙon kai ba ta sha ba. Na roƙe shi ya ba ni na juya cikinta. Ɗinkin bahago ne, zaren ya kwanta ta wajen da namu ba ya kwantawa. Ya ce a Wurno ya saya, muka yi musanya da tawa.

Inna ta rako ni har bakin zaure. Ta ce, "Ummaru, in ka ishe shi ka taho mini da shi. In ba ka ishe shi ba ka taho mini da gaskiya. Kak ka yi mini irin taku ta maɗumka, kullum sai gobe."

Kaka ta gabato, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ba ka hangen komai sai sama. Da hantsi muka sha fura a wata ruga, muka bar Lahodu a gefe. Bawa mutum ne mai surutu, amma ran nan da jakunansa kawai yake magana, su ma a hankali.

Wurno

La'asar sakaliya muka hau tudun Wurno. Mai tsaron ƙofa ya caka tsinke cikin mangalar shinkafa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai hwa, mi kaka ɗauke da shi?"

Na ce, "Allura."

Ya ce, "To shiga, kak ka soki kowa."

Wanda bai taɓa shiga Wurno da yamma ba bai san abin da ake nufi da ado ba. Tun daga ƙofa kana jin mabuga suna kirɓar baƙar rigar kore, sai ta fito tana walƙiya. Mata na wucewa cikin turkuɗi, shunin ya zauna musu a wuya da goshi, su kuwa abin da suke so ke nan. Dukawa sun shanya jar fata a kan igiya, kusa da su masu takalma na yanka ta da rawaya da baƙi. Ko zaurukan talakawa an zagaye ƙofofinsu da farar ƙasa da ja. Ni dai duk wannan wucewa nake yi, kawunan mutane kawai nake kallo.

Wajen mahauta na hango ta. Wani ƙaton mahauci ne ya duƙa yana fiɗa, jar hular na kansa, kunnuwanta na lilo. Ban san lokacin da na isa gare shi ba, ban yi sallama ba, na fige hular na juya cikinta. Ya miƙe da wuƙa a hannu, kansa tal a tsakiyar kasuwa, abokan sana'arsa suka zagaye ni. Wani ya riƙe mini wuyan riga ta baya.

Mahaucin ya ce, "Ubana ɗai ka taɓa man kai. Kai wa na?"

Bawa ne ya kutso yana ba da haƙuri, ya zaro ɗayar hular daga aljihuna ya ɗaga su biyu. Ya ce, "Ku yi mai gahwara, ba ɓarawo na ba. Ƙanenai anka kama, shi ka wanga ɗumki."

Wani dattijo a cikinsu ya ce a sake ni, in yi magana. Na faɗa musu labarin hular. Mahaucin ya karɓi hularsa ya mayar, ya daɗe yana gyara mata zama, wuƙar har yanzu tana hannunsa. Can ya ce, "Daga Goronyo aka kawo su. Gobe in ka sake taɓa kan wani, a wurin za a bizne ka." Da muka juya sai ya aiko mana da tsire guda biyu, ban san ko na haƙuri ne ko na gargaɗi ba, mun dai ci.

A zauren wani marini abokin Bawa muka sauka, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Maigidan ya ce hanyar Goronyo ba ta da daɗi a kwanakin nan, sai a cikin ayari. Bawa ya rantse ba za shi ba. Da safe na tarar ya riga ni ɗaura wa jakuna kaya, wai ya sami albasar da zai kai.

Hanyar Goronyo

Muka bi ayarin masu gishiri, gulbi na hagunmu. Kafin azahar muka wuce wani ƙauye da aka ƙona, rumbunan na hayaki, ba kowa sai kaji. Madugu ya hana magana. Bawa ya tsaya ya ɗaura wa kowane jaki dutse a wutsiya, ya raɗa mini cewa jakin da bai ɗaga wutsiya ba ba ya kuka.

Gaba kaɗan na gaban ayari ya ɗaga hannu, duk muka faɗa cikin dawa muka kwanta. Ana jin tafiyar mutane da yawa, da ƙarar kibau cikin kwari. Ina kwance fuskata cikin ƙasa, abin da ya zo mini shi ne haka aka zo wa Isiyaka, shi ko wannan ƙarar bai ji ba. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da zan mutu ban kai wa Inna ko ɗaya daga cikin abin da ta aike ni ba.

Sai madugu ya leƙa ta tsakanin kara, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Ku tashi, namu na. Ku dubi hulunansu."

'Yan baka ne masu sintiri daga Goronyo, kowannensu da jar hula mai shuɗin kunne. Madugu ya ce yanzu da ita ake gane ɗan garin tun daga nesa. Na ƙura musu ido, hannuna na ƙaiƙayi, Bawa ya danne mini shi. Su suka raka mu har muka wuce Kagara. A raina na ce wanda ya ɗinka wannan tulin huluna ai lafiyarsa lau.

Goronyo

Mun shiga gari rana ta yi sanyi. Abin da na gani ya sa na tsaya cik a bakin ƙofa har jaki ya ture ni. Hular da Rabah ta yi wa dariya ita ce a kan mai faskare, da ladan, da angon da ake yi wa rakiya. Ba a hula abin ya tsaya ba. Faya-fayan da mata suka rufe fura da su ja ne a tsakiya, shuɗi a gefe, da ɗigon algashi. Haka bakin wandunan samari, haka linzamin wani jaki. Wani attajiri ma ya sa an yi masa ita a goshin zaurensa. Duk inda na juya sai in ga kamar Isiyaka ya riga ni wucewa ta wurin.

Na tambayi wata mai fura, wannan karon da sallama. Ta ce, "Hulab Bebe? Tahi rumhwar Baba Labbo, bayan marina."

Da na ji ta ce Bebe sai na kama gudu, da girmana. Na sha kwanar marina, na hango rumfar, na hango mutum zaune ya ba ni baya yana jan zare da hannun hagu. Na kusa kiran sunansa, ni da na san ba ya ji. Sai na ga na kusa da shi ma da hagu yake ɗinki. Na uku haka, na huɗu haka. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu tasa.

Wani tsoho ya taso daga kan buzu, shi ne Baba Labbo. Na miƙa masa hular da na zo da ita, na ce, "Baba, wa yay yi wagga?"

Ya duba ya nuna na ƙarshe. "Wancan na. Mi ya hwaru?"

"Ɗumkin hauni na."

Ya ce, "Duk nan da hauni muka yin ta. Wanda yak koya muna ba ya magana, ba shi iya ce ma ka yi kaza. Sai ka zamna gehenai ka yi yadda yay yi. Mun gwada da dama, ba ta zama daidai."

Na ce, "Ni na magajinai, ƙanena na. Ina shi ke?"

Duk su huɗun suka ajiye allura. Tsohon ya kama hannuna ya zaunar da ni a kan buzunsa, ya sa aka kawo ruwa, sai da na sha sannan ya yi magana. Ya ce masunta ne suka tsince shi a bakin gulbi, marin ƙarfe ya cinye masa ƙafa, da alama maharan ne suka yar da shi. Ƙafar ba ta sake taka ƙasa da kyau ba. An tambaye shi garinsu ta kowace hanya, sai ya nuna kudu ya yi ta hawaye, kudu kuwa da faɗi. Wata rana ya ɗauki allurar Baba Labbo da ƙyalle, shi ke nan ya zama ɗan rumfa. Da bazarar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ban yi kuka a lokacin ba, kunnuwana ne suka toshe. Suka kai ni maƙabarta kafin magariba, muka yi addu'a. Muna tsaye sai Baba Labbo ya ce, "Ɗana, abu guda ad damuwarmu. Mun yi mai wanka, mun yi mai salla, gari duk ya hito. Amma Bebe ɗai muka ce mai, har ga addu'a. Mi as sunanai?"

Na ce, "Isiyaka."

Suna ne da shi kansa bai taɓa ji ba. Tsohon ya maimaita, maɗinkan suka maimaita ɗaya bayan ɗaya, suka sake ɗaga hannu aka yi addu'ar daga farko. A nan ne kukan ya zo mini.

Komawa gida

Da za mu taso Baba Labbo ya ba ni hular da Isiyaka ya bari bai gama ba, kunne ɗaya babu ɗigon algashi, allurar na soke a inda ya tsaya. Maɗinkan suka ce sun kasa ƙarasa ta. Muka biyo 'yan sintiri zuwa Wurno, muka kwana gidan marinin nan, na bi ta bayan kasuwa don kada in haɗu da mahaucina. Hanya lafiya lau, sai dai ban taɓa jin tafiya mai nauyin ta Wurno zuwa Rabah ba. Sau biyu ina shirya abin da zan ce wa Inna, sau biyu ina jin ya yi kama da sai gobe.

Na same ta a tsakar gida tana kaɗi. Ta dubi bayana, ta ga Bawa kaɗai. Na durƙusa na ajiye hular a kan cinyarta, na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta shafa jan, ta shafa shuɗin, ta taɓa allurar ba ta cire ba.

Ta ce, "Sun yi mai sutura?"

Na ce, "Sun yi, Inna. Gari duk ya hito, kowa da hulatai."

"Sun san ko ɗan wa na?"

"Yanzu sun sani."

Ta ture mazarin gefe. Sannan ta ce, "To a jiƙa gero. Gobe a yi sadaka."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Bawa da jakunansa, da Baba Labbo da mutanen Goronyo da suka riƙe mana ɗan'uwa ba su san ko na wane ne ba. Ran sadaka na buɗe adudun Inna na ɗauko ɗaya daga cikin ukun nan na sa, na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Duk Rabah ta zo, ba wanda ya yi dariya.