Injin Inna da Rijiyar Tungar Tsamiya

Sakkwato

Ana idar da sallar asuba muka fito. Tun daren jiya aka ɗaure injin niƙan a bayan a-kori-kura, aka lulluɓe shi da tabarma. Inna Hajo, kakata ta wajen uwa, tumakinta duka ta sayar ta saye shi, ta kuma rantse ba za a kafa shi ko'ina ba sai Tungar Tsamiya, ƙauyen da aka haife ta a yankin Garu, gefen Illela. Rabonta da can tun ina goye. Ta ji labarin mutane suna ta tashi daga garin, ta ce ƙarar inji za ta tsayar da su.

Ni kuwa labarin ƙasa nake karantawa a jami'a, amma ban taɓa ganin iyaka ba sai a taswira. Ɗoki ya hana ni karyawa.

Kware zuwa Gwadabawa

Rana ta fito mana bayan Kware, ta kwanta ja a kan gonakin albasa. Na manna fuska a taga ina lura: duk inda gari ya bayyana, sai ka ga fadama a gefensa ko mararraba a ƙirjinsa. Na faɗa da ƙarfi, Sa'idu direba ya yi dariya.

"Malama, ni inda mai shayi ya tsaya, nan na sani gari ne."

Gaba da Gwadabawa aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙo ya ce, "Hajiya, mi ke ƙarƙashin tabarma?"

"Autana na," in ji Inna. "Gida za ni kai shi."

Ya ɗaga tabarmar, ya ga inji, ya sara mata yana dariya, ya ɗage mana sanda.

Illela

Da hantsi muka shiga, ranar kasuwa ce kuma. Wayyo, Illela! Shanu da raƙuma, buhunan albasa tsibi-tsibi, babura kamar ƙudan zuma, 'yan canji suna kira, "Sefa! Naira!" An ce mini Konni, garin da ke ƙetaren iyaka, tana nan gaba kaɗan. Na tsaya ina kallon hanyar: ashe layin da nake zanawa da jan biro, mutane ne ke tsallake shi da safe su dawo da yamma.

Muka ci masa mai zafi, muka sha fura da nonon wata Bafulatana. Inna tana ta juye-juye.

"Balkisu, duk wanga wuri gonar gero ta, da idona na gani. Ina anka samo mutanen ga?"

Ban sani ba amsar tana jiran mu a gaba.

Bakin hanya

Muka bar kwalta muka bi hanyar burji. Can sai Sa'idu ya tsaya a tsakiyar sababbin gidajen bulo, ga masu sayar da fetur a kwalba, ga rumfar cajin waya.

"Mun iso, Hajiya."

Inna ta ƙi sauka. "Wanga ba garinmu ba na. Ina tsamiya? Ina rijiya?"

Wata mata da ke sayen ruwa wurin mai kura ta matso ta gaishe ta. Ta ce nan ne Tungar Tsamiya yanzu. Tun da samari suka kama jigilar kaya da babura zuwa iyaka, gida-gida aka dawo bakin hanya. Tsohon garin yana bayan gonaki. Tana cikin magana iska ta ɗage tabarmar, ta ga injin, ta rangaɗa guɗa. Nan da nan mata suka kewaye mu.

"Inna, sauke shi nan! Har Illela muke kai niƙa!"

Inna ta ɗaure fuska. "Sa'idu, mu tai."

Tsohuwar Tunga

Motar ta kutsa tsakanin karan gero har gindin wata babbar tsamiya. Shiru, sai kukan kurciya. Yawancin gidajen sun zama kango, kabewa ta haye katangu. Rijiyar kuwa tana nan, igiya ta sassaƙa itacen bakinta ya yi santsi. Na leƙa, na ga fuskata da sama a ƙasan duniya.

Wani dattijo ya fito, Baba Nomau, ƙanen Inna. Ya dube ni ya ce, "A'a, amaryata, sai yau kinka tuna da mijinki? Kuma hannu biyu?"

"Ga inji na kawo maka, Baba."

"Inji? Mu da munka rage nan, turmi guda ya ishe mu."

Inna ta zauna a bakin rijiyar. Baba ya ce 'ya'yansa sun matsa masa ya koma bakin hanya, shi kuwa tsoronsa ɗaya: in aka daina jan rijiyar, ƙasa za ta cike ta, kuma kakansu ne ya haƙa ta kafin a kafa ko bukka. Na ga hawaye a idon Inna. A nan injin zai yi tsatsa, tumakinta su tafi a banza. In ta kafa shi a bakin hanya kuma, ta juya wa rijiya baya.

Sai idona ya faɗa kan gangar da ke ɗaure da injin, wadda ake cika wa ruwa don kada ya yi zafi. Na tuna mai kura. Na ce a hankali, "Inna, can akwai hatsi babu ruwa, nan akwai ruwa babu hatsi. Injin nan kullum sai ya sha. Baba kuma yana da jaki."

Suka dubi juna. Baba ya shafa gemu.

"In kai ruwa da sahe, in dawo gidana da la'asar?"

"Wa ya hana ka?" in ji Inna. Ta juyo gare ni tana share ido. "Ashe karatun naki ba zanen taswira kaɗai ba na."

Komawa gida

A tsohon ɗakin mahaifiyar su Inna muka kwana. Washegari aka kafa injin a rumfa a bakin hanya. Inna ce ta ja gugan farko da hannunta, ta kurɓa, ta ba ni na kurɓa, sauran Baba ya kai aka juye a ganga. Da injin ya tashi, guɗa ta kusa danne ƙararsa. Matan suka ce wa Baba tun da zai riƙa zuwa, ya haɗo musu da na sha, sun yi kewar ɗanɗanon ruwan gida.

Inna ta ce ita ta zauna. Ta ƙulla mini garin geron farko a gefen mayafi. Da muka ɗaga, na waiwaya na hango Baba da jakinsa sun nufi tsamiya ɗauko wani ruwan.

Ana kiran magariba muka shiga Sakkwato. Mama ta dama kunu da garin, ta kurɓa, ta ce a kira mata Inna a waya. Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da ni lafiya, da Sa'idu da bai gaji da surutuna ba, da matan bakin hanya da suka tarbe mu da guɗa.